Gyaɗa, Madara da Tef ɗin Awon Dantse: Yadda Binciken André Briend Ya Iso Ƙasar Katsina

Duk ɗalibin da ya kammala makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, aka tura shi ƙaramin asibiti a ƙauyen Kusada ko Ingawa ko can wajen Mashi, ba zai yi nisa da aiki ba sai abu biyu sun shigo hannunsa. Na farko siririn tef ne mai launi uku, ja da rawaya da kore, wanda ake zagaya wa dantsen yaro. Na biyu 'yar leda ce mai nauyin giram 92, cike da niƙaƙƙiyar gyaɗa mai kauri da zaƙi, wadda iyaye mata ke kira maganin tamowa. Babu sunan wani masani a jikin ko ɗaya. Amma wanda ya bi sawunsu a mujallun likitanci zai yi ta cin karo da suna guda: André Briend, likitan yara ɗan ƙasar Faransa, masanin abinci mai gina jiki.

A jami'o'inmu, yawan takardun da malami ya wallafa shi ne ma'aunin ƙarin girmansa. Briend ya wallafa da yawa, tun daga shekarun 1980 har zuwa yau. Sai dai wadda ta fi sauya duniya a cikinsu 'yar gajeriyar wasiƙa ce da ta fito a mujallar The Lancet a 1999, ba ta wuce shafi biyu ba, kuma yaran da aka yi gwajin a kansu a ƙasar Cadi ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Da kwamitin ƙarin girma za a kai ta, da wuya ta ci maki mai tsoka.

Kafin ledar ta zo

Ba a rasa maganin tamowa mai tsanani kafin Briend ba. Wani likita mai suna Michael Golden, wanda ya daɗe yana bincike a Jamaika, ya tsara madara iri biyu, F-75 da F-100, a farkon shekarun 1990. Ta farko don farfaɗo da yaron da jikinsa ya raunana har ba ya iya ɗaukar abinci mai nauyi, ta biyu don mayar masa da tsokar da ya rasa. Madarar tana aiki, har gobe kuwa ana amfani da ita a ɗakunan kwanciya. Aibinta ɗaya ne: gari ce, sai an dama da ruwa. Da zarar ruwa ya taɓa ta, ƙwayoyin cuta sun sami wurin zama. In ruwan ba mai tsabta ba ne, ko ta jima a ajiye cikin zafi, maganin ya koma guba. Saboda haka ba a yarda a ba uwa ta tafi da ita gida ba. Dole yaro ya kwanta a asibiti, ma'aikata na damawa suna ba shi dare da rana, kusan wata guda.

Wanda ya san gidan manomi a yankin Kusada ya san nauyin wannan wata guda. Tamowa ba ta zaɓar lokacin hutu. Tana tsananta ne a tsakiyar damina, Yuli da Agusta zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suna ta kayar da yara. A daidai lokacin ne ake ce wa mace ta bar sauran 'ya'yanta, ta bar girkin masu noma, ta nemi izinin maigida da kuɗin mota, ta je ta zauna a gadon asibiti kwana talatin da yaro ɗaya. Da yawa ba sa zuwa. Waɗanda suka je kuma, da yaro ya ɗan buɗe ido sai su tattara kwanukansu su gudu. Ga cunkoso: an tara yara marasa garkuwar jiki a ɗaki ɗaya, wannan na ɗaukar cutar wancan.

Briend ya ga wannan da idonsa. A lokacin ma'aikaci ne a cibiyar binciken Faransa da a da ake kira ORSTOM, yanzu IRD. Ya yi aiki a Sanagal, ya yi shekaru a Bangaladash a shahararriyar cibiyar binciken cutar gudawa da ke Dhaka. Tambayar da ya riƙe mai sauƙin faɗa ce: yaya za a sami duk abin da ke cikin F-100 ba tare da ruwa ba? Ya haɗa kai da Michel Lescanne, mai kamfanin Nutriset da aka kafa a 1986 a yankin Normandi. Sun gwada abubuwa sun watsar. Sandar cakulan da suka yi ta narke a zafi, kuma ɗanɗanon sinadaran da aka zuba ya ɓata ta. Labarin da ya shahara shi ne, wata safiya Briend ya dubi kwalbar Nutella a kan teburin karin kumallo, ya lura ma'aunin mai da sukari da furotin ɗinta bai yi nisa da abin da yake nema ba. Ai ba sai abin ya daskare ba, yana iya zama mai laushi. Aka sa gyaɗa a madadin wani kaso na garin madara, aka ƙara mai da sukari da bitamin da sinadarai. A 1996 aka sami abin da kamfanin ya raɗa wa suna Plumpy'Nut.

Hikimar tana cikin rashin ruwan. Ƙwayar cuta ba ta hayayyafa inda babu danshi, shi ya sa ledar ke kai shekara biyu ba firji. Mai da gyaɗar suna rufe ɗacin sinadarai irin su fotashiyam da zink da na ƙarin jini. Ba a dafawa, ba a damawa, ba a neman itace. Uwa ta wanke hannu, ta yage kusurwar ledar, ta matsa, yaro ya tsotsa, ta bi shi da ruwan sha mai tsabta da nono. Leda ɗaya kalori 500 ce. Bisa lissafin da aka daɗe ana bi, na kalori 200 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, mai kilo 7 zai sha kusan leda uku kullum, na tsawon mako shida zuwa takwas.

Bayan wasiƙar 1999, wani gwaji da aka yi a Dakar kan yara 70, aka wallafa a 2003 da sunan Briend a cikin marubutan, ya nuna masu shan gyaɗar suna ƙara kimanin giram 15.6 ga kowane kilo a rana, masu shan F-100 kuma giram 10.1. Amma a faɗi gaskiya, ba shi kaɗai ya fitar da maganin daga asibiti ba. Steve Collins, likita ɗan Birtaniya, shi ya tsara yadda za a riƙa kula da yara a garuruwansu, aka fara a Habasha a 2000. Mark Manary, likitan Amurka, ya gwada ba iyaye ledar su tafi gida a Malawi daga 2001. A wani bincikensa da ya fito a 2005, kashi 79 cikin 100 na yaran da aka kula da su a gida sun murmure, na tsohon tsari kuma kashi 46.

Maraɗi, 2005

Inda abin ya tashi daga gwaji ya zama hujja, ƙasar Hausa ce, maƙwabciyar Katsina. Daminar 2004 ta zo wa Nijar da ƙarancin ruwa da fara. Da 2005 ta kama, farashin gero ya yi tashin gwauron zabi. Abin takaicin, jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasar, ita ta fi cika da yara masu tamowa: hatsi na kasuwa, kuɗin saye ne babu. Gwamnatin Tandja Mamadou ta yi ta musun cewa ana yunwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kuwa, da ta ga gadajenta ba za su ɗauki ko kaɗan daga cikin yaran ba, sai ta jingina da ledar gyaɗa. A shekarar ta kula da yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, mafi yawansu ba su kwana a asibiti ba, kuma wajen tara cikin goma sun warke. Ba a taɓa ganin irin wannan adadi a aikin agaji guda ba.

Bayan Maraɗi gardama ta ragu. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa, suka amince a riƙa kula da yaro mai tamowa a gida matuƙar yana iya cin abinci kuma ba shi da wata cuta mai tsanani. A lokacin Briend yana aiki a hedikwatar Hukumar Lafiyar a Janeba. Najeriya ta ɗauki tsarin a 2009, aka fara a Gombe da Kebbi, daga nan ya bazu zuwa sauran jihohin Arewa har da Katsina.

Ƙasar Maraɗi ta ci gaba da zama fagen bincike. Sheila Isanaka da abokan aikinta sun gwada raba ledar don rigakafi a ƙauyuka 12, sakamakon ya fito a 2009. A 2016 kuma suka wallafa gwajin da suka yi a Madarunfa kan yara fiye da 2,000, inda suka ga ba kowane yaro maganin amoksisilin, kamar yadda aka saba, bai ƙara yawan masu warkewa ba. Dokokin da ake bi a Yaman da Afganistan, wani ɓangarensu daga jikin 'ya'yan Hausawa aka koyo shi. Ba kasafai ake faɗin wannan ba.

Tef ɗin

A ganina, gudunmawarsa ta biyu ba ta gaza ta farko ba, ko da yake ba ta yi suna kamarta ba. Awon dantse ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Ma'aikatan agaji sun yi amfani da shi a nan Najeriya lokacin yaƙin basasa, a ƙarshen shekarun 1960. Abin da Briend ya yi shi ne ya kawo masa hujja. Tun a 1987, daga bayanan yaran karkarar Bangaladash, ya nuna kaurin dantse ya fi sauran awo nuna yaron da ke dab da mutuwa. Ya yi shekaru yana maimaita wannan a takarda bayan takarda, har a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar da iyaka a milimita 115 ga yara daga wata 6 zuwa wata 59.

Ga yadda ake yi. A lanƙwasa hannun hagu na yaro, a nemo tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a saki hannun ya miƙe, a zagaya tef ɗin, a zura bakinsa ta 'yar tagar, kada a matse, kada a bar shi sako-sako. In kibiya ta faɗa kan ja, ƙasa da santimita 11.5 ke nan, yaro na cikin haɗari. Rawaya tana tsakanin 11.5 da 12.5. Sai a danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa uku. In ramin ya zauna bai taso ba, kumburin tamowa ne, ko da kuwa yaron ya yi kama da mai ƙiba. Daga nan sai gwajin ci: a zaunar da uwa gefe, a ba ta leda, a ga ko yaron zai karɓa. Wanda ya ci ya tafi gida da na mako guda. Wanda ya kau da kai, ko yake da zazzaɓi mai zafi ko numfashi sama-sama, shi ne na kwanciya.

A gwada wannan da tsohon awo, mai buƙatar sikeli da allon auna tsawo da mutum biyu su danne yaro yana tsala ihu, sannan a duba jadawalin lambobi. Sai Briend da abokansa suka ƙara taku ɗaya wanda ya ba wasu likitoci haushi: me zai hana a ba uwar tef ɗin? Tare da ƙungiyar ALIMA da ƙungiyar BEFEN ta Nijar, aka gwada a Mirya, cikin jihar Damagaram. Sakamakon da ya fito a 2015 da 2016 ya nuna matan karkara, da yawansu ba su yi boko ba, suna awon daidai da ma'aikatan sa-kai, kuma a yankin da aka koya wa iyaye, yara sun riƙa isowa da wuri, kaɗan ne suka kai ga kwanciya. Wanda ya san yadda tela ke auna kafaɗa ba zai yi mamaki ba. Mamakin shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a yarda da uwa.

Ba kowa ya yarda ba har yanzu. Golden da Yvonne Grellety, waɗanda sunayensu ke tare da na Briend a wasiƙar 1999, sun rubuta cewa dogaro da dantse kaɗai yana barin yara da yawa a baya, waɗanda suka rame idan aka gwada nauyinsu da tsawonsu amma dantsensu bai shiga ja ba. Briend da nasa mutanen suka mayar da martani a 2016, suka ce inda kayan aiki bai wadata ba, a fara da waɗanda suka fi kusa da mutuwa, kuma tef ne ke nuna su. Tsofaffin abokan aiki ne suna ja-in-ja a bainar jama'a da alƙaluma, kuma dokar da ake bi a yau ta riƙe awon duka biyu.

Inda ledar ta tsaya

An soki ledar ta wasu fuskokin ma. Nutriset da IRD sun yi wa haɗin rajistar mallaka, har wasu ƙungiyoyi biyu na Amurka suka kai ƙara kotu a 2009, suna cewa ba daidai ba ne a kulle girkin da yaro ke mutuwa don rashinsa. A 2010 kamfanin ya sassauta wa masu sarrafawa a ƙasashe masu tasowa. Gwamnatin Indiya, a 2009 ɗin dai, ta umarci UNICEF ta daina raba wanda aka shigo da shi daga waje, tana cewa abincin gida ya kamata a inganta.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wadda Katsina ke nunawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Shekaru da dama mata daga ɓangarenmu suna ƙetara iyaka ta Jibiya su kai 'ya'yansu Madarunfa neman magani, har yawansu ya sa MSF ta buɗe aiki a Katsina a 2021. A watan Yulin 2025 ƙungiyar ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon shekarar, bayan ta karɓi kusan 70,000. Wannan ya faru ne a shekarar da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka zaftare kuɗin agaji. Kusan shekara talatin ke nan da samun maganin. Ilimin bai gaza ba; 'yan bindiga sun raba manoman Jibiya da Batsari da Safana da gonakinsu, tsadar hatsi ta kai inda ta kai, kuma kwalin leda 150, wanda shi ne kuɗin warkar da yaro ɗaya, dala 40 zuwa 50 ne da ake jira wani ya biya daga nesa.

Akwai kuma abin da kowa ya sani a kasuwanni. Ledar da aka rubuta ba ta sayarwa ba ce tana fitowa a kan tebur. Wata ta ɓace ne tun daga sito, wannan sata ce, ba ta da wani suna. Wata kuwa uwa ce ta sayar da biyu ta auno masara, ko ta raba wa yayyen yaron da ke tsaye suna kallonsa yana tsotsa. Mai saurin zaginta bai taɓa zama da yara biyar da tukunya a kife ba. Sakamakon dai ɗaya ne: yaron ba ya samun cikakken kasonsa, ya jima bai warke ba, ko ya warke ya koma gidan da ya rama shi, bayan 'yan watanni a sake ganinsa a layi.

Shi kansa Briend bai tsaya a kan leda ba. A farkon shekarun 2000, shi da Nicole Darmon da Elaine Ferguson sun wallafa hanyar lissafi ta kwamfuta da ke amsa tambayar magidanci: daga abincin da ke kasuwar garinku, da kuɗin da ke aljihu, wane haɗi ne zai cika wa yaro buƙatarsa? Amsar da irin wannan lissafi ke bayarwa a ƙasashe da dama ba ta da daɗin ji. Hatsi da wake da ganye suna kai mutum nesa, amma cikin yaron wata tara ƙarami ne, kuma sinadarin ƙarin jini da zink da kalsiyam suna wuyar cika ba tare da ƙwai ko nono ko nama ko kifi ba. Kunun da aka tsinka da ruwa don ya ishi kowa yana cika ciki ne kawai. Shi ya sa garin kunun da ake koya wa mata, na gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, in da hali a daka busasshen kifi a ciki, a ƙara zogale a miya, yake da amfani wajen tare yaro kafin ya faɗa ja. In ya riga ya faɗa, wannan garin ba ya maye gurbin ledar. Ya kamata masu wa'azin komawa abincin gargajiya su riƙa faɗin wannan rabin ma. Haka kuma a kan nono: tun a 1988 Briend ya wallafa cewa a karkarar Bangaladash, ci gaba da shayarwa ya fi ceton ran yaron da ya riga ya rame. Mu kuwa, da mace ta sami sabon ciki sai a yaye na goye dare ɗaya, a kai shi gidan kaka.

Yanzu hankalin masu bincike ya koma kan rage tsada. Gwaje-gwajen da aka yi a Kenya da Sudan ta Kudu da Burkina Faso da Kwango sun duba ko za a iya rage yawan leda yayin da yaro ke murmurewa, a kuma haɗa masu ja da masu rawaya a tsari ɗaya. Briend na cikin marubutan wasu daga ciki. Sabbin ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun buɗe ƙofar rage kason, sun kuma yarda ma'aikacin lafiya na unguwa da aka horar ya kula da yaro ba sai an kai shi asibiti ba. Wasu na gwada rage madara, wadda ita ce mafi tsada a haɗin, a sa waken suya ko masara. Sakamakon ya rabu, musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara biyu.

Saura batun gyaɗar kanta. Ƙasar da ta tara dalar gyaɗa a Kano, kafin fari da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 su karya noman, ba ta da uzurin jiran jirgin ruwa. A Yamai kamfanin STA yana sarrafa ledar tun 2005. A Kano akwai NutriK, a Legas akwai wasu. Abin da ke hana gyaɗar manomanmu shiga irin waɗannan masana'antu kai tsaye shi ne aflatoksin, gubar da funfuna ke bari a gyaɗar da ta sha fari a gona, ko aka shanya a ƙasa, ko aka zuba a buhu da sauran danshi. Tana illa ga hanta, kuma ƙa'idar abincin yaro mara lafiya ba ta da sassauci a kanta. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni kaɗan kafin gyaɗa ta yi fure, yana rage gubar ƙwarai. Manomin Kankiya ko Kusada ba zai saye shi ba, ba zai sayi tamfol ɗin shanya ba, sai ya tabbata akwai mai sayen da zai auna gyaɗarsa ya biya shi fiye da farashin mai ƙuli-ƙuli. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma suna da ɗakunan gwaji da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta a kai, kuma auna gubar da ke cikin gyaɗar kasuwannin jihar, kaka bayan kaka, aiki ne da ba ya buƙatar izinin kowa daga Faransa.